Bayan an ce "na sake ki": yadda ake kiyaye haƙƙi a saki, idda, hul'i da riƙon yara

Da yawa daga haƙƙoƙin da ake asara idan aure ya mutu, tun a kwanakin farko ake asararsu. Miji ya furta magana bai ƙirga ba, mace ta tattara kayanta a daren ta nufi gidansu, babu wanda ya rubuta kwanan wata, washegari dangin miji su zo su kwashe yara. Bayan wata shida a tsaya gaban alƙali, kowa da nasa lissafin. Bayanin nan ya bi mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci a Najeriya ke hukunci da ita a harkar aure. Auren rajista dokarsa daban ce, an ajiye shi a ƙarshe.

Saki nawa aka yi, kuma yaushe?

Wannan ita ce tambayar farko da alƙali zai yi, kuma a nan ne takardun saki da yawa ke faɗuwa. Za a miƙo fallen takarda da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta "ni wane na saki matata", babu adadi, babu rana, babu sa hannun shaida. Mace ta ce, "Allah gafarta Malam, wannan ne na uku." Miji ya ce na farko ne, sauran biyun faɗa ne kawai. Takardar ba ta raba gardamar ba.

Takardar da za ta yi amfani tana ɗauke da cikakken sunan miji da na mata, adadin sakin, ko an taɓa yin wani a baya, kwanan wata, da sa hannun maza biyu adalai. A Malikiyya saki yana aukuwa ko babu shaida, amma tabbatar da shi idan an yi musu sai da shaidu biyu maza. Idan saƙon waya ne, kada a goge shi, a ɗauki hotonsa yadda lamba da rana za su fito, a nuna wa mutum biyu a ranar.

Saki ɗaya ko biyu na kome ne, idan an riga an tare kuma ba hul'i ba ne. Muddin idda ba ta cika ba miji zai iya mayar da matarsa, babu sabon sadaki, babu ɗaurin aure. Idan ta cika, ya koma manemi kamar kowa: sai da yardarta, da waliyyi, da sabon sadaki, kuma igiyar da ta tsinke ba ta dawowa. Na uku ya rufe ƙofa har sai ta auri wani aure na gaskiya, an tare, sun rabu don kansu. Auren kisan wuta haramun ne, kuma a Malikiyya ba ya halatta ta ga mijin farko.

Saki uku a kalma ɗaya, mazhabobin nan huɗu uku suke ƙirga shi. Akwai malaman da suka bi fatawar Ibn Taimiyya cewa ɗaya ne, amma wanda zai je kotun da ke bin Malikiyya ya san da wane ma'auni za a auna shi. "Fushi ne ya sa ni" ba ya warware saki sai in hankali ya gushe gaba ɗaya. Wasa ma ba uzuri ba ne. Wanda aka tilasta da barazanar duka ko kisa ne sakinsa ba ya aukuwa. Sakin da aka yi mace tana haila ya auku, sai dai an saɓa sunna, kuma idan na kome ne ana tilasta mijin ya mayar da ita.

Lissafin idda

Mai ganin al'ada tsarki uku take yi. Idan an sake ta tana cikin tsarki, wannan tsarkin shi ne na farko ko da kwana ɗaya ya rage a cikinsa, kuma iddarta na cika da zarar ta ga jini na uku. Saboda haka idda takan ƙare kafin wata uku, abin da ke ba maza da yawa mamaki ranar da suka tura biko. Wadda ta daina al'ada saboda shekaru wata uku ne. Mai ciki sai ta haihu, ko da washegarin sakin ne. Wadda al'adarta ta ɗauke ba tare da sanin dalili ba tana jiran wata tara, ta ƙara uku. Wadda ba a tare da ita ba babu idda a kanta, kuma rabin sadaki nata ne.

A ɗakinta ake yin idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ita, ta kuma hana ta fita. Mai sakin kome tana da ci da sha da sutura da wurin zama, kuma idan ɗayansu ya rasu a cikin iddar ɗayan zai gaje shi. Wadda sakinta ya yanke, ta hanyar saki uku ko hul'i, wurin zama kaɗai take da shi, sai in tana da ciki, sannan ciyarwa ta wajaba har ta sauka. Idan zama a gidan akwai haɗari, kamar inda ake duka, ta fita, amma ta sa a shaida dalilin fitar.

Miji kuma da ya yi kome, ya yi shi gaban shaidu, ya tabbatar saƙo ya isa. Idan idda ta cika sannan ya zo yana cewa ai tuntuni ya mayar da ita a zuciyarsa, ba a karɓa sai da hujja.

Idan mace ce ke son rabuwa

Hanya biyu ce, kuma rikita su yana jawo asarar kuɗi.

Ta farko hul'i: mace ta fanshi kanta don ba ta iya zaman, ko da mijin bai yi mata laifi ba. Asalinsa matar Sabit bin Ƙais ce, wadda ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki. Hul'i saki ɗaya ne yankakke, babu kome a cikinsa. Malikiyya sun yarda a daidaita a kan sadakin, ko ƙasa da shi, ko fiye. Idan miji ya zo da dogon lissafin duk abin da ya kashe tun ranar da ya fara zuwa zance, mace ba dole ta amsa nan take ba, ta bar alƙali ya duba.

Ta biyu ita ce neman alƙali ya raba auren saboda dalili, kuma a nan ba ta biyan komai. Dalilan sun haɗa da cutarwa, kamar duka da zagi da ƙaurace mata, da rashin ciyarwa, da doguwar tafiyar da aka bar ta babu komai, da aibin da ke hana zaman aure. Mijin da ba ya iya kusantar iyali ana ba shi shekara guda. Wanda ya rantse ba zai kusance ta ba wata huɗu ne wa'adinsa. Wanda ya ɓace babu labari, idan ya bar abin ciyarwa, shekara huɗu ake jira daga lokacin da aka kai maganar gaban alƙali aka bincika ba a samu labarinsa ba, sannan ta yi takaba.

Mata da yawa masu tabon duka a jiki suna neman hul'i don a gama da wuri, su ranto kuɗi su biya wanda ya cuce su. Kuskure ne. Malikiyya ta sauƙaƙa tabbatar da cutarwa: shaidar ji, wato abin da ya yaɗu tsakanin maƙwabta da mutanen kirki, tana isa. Har ma idan ta riga ta biya sannan ta tabbatar cewa cutarwa ce ta sa, ana mayar mata da kuɗinta, sakin kuma yana nan. Idan an rasa gane mai laifi, alƙali na naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce, kuma suna da ikon raba auren in gyara ya gagara.

A karanta takardar hul'i da kyau kafin a sa hannu. Ya halatta a sa sharaɗin cewa mace ta yafe riƙon yara, ko ta ɗauki nauyin ciyar da jariri har yaye. Layi ɗaya irin wannan yana iya raba uwa da 'ya'yanta, kuma warware shi daga baya aiki ne ja.

Wa ke riƙe yara?

Maganar "ɗa na uba ne" gaskiya ce ta fuskar nasaba da walicci da ciyarwa. Reno kuwa na uwa ne. A Malikiyya namiji yana hannunta har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Zancen cewa da an yaye yaro, ko da ya kai shekara bakwai, uba zai karɓe shi, ba hukuncin wannan mazhaba ba ne.

Idan uwa ta rasa haƙƙin ma, ba kan uba yake faɗawa kai tsaye ba. Jerin da Mukhtasar na Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya kawo ya fara da uwa, sai kakar yaro ta wajen uwa, sai mahaifiyar kakar, sai 'yar'uwar uwa, sai innar uwar, sai kaka ta wajen uba, sannan uba. Shi ma sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa.

Abin da ke zubar da haƙƙin reno shi ne taɓin hankali, rashin amana, gazawa saboda tsufa ko ciwo, cuta mai yaɗuwa da ake tsoron ta kama yaro, da gidan da babu tsaro, musamman ga 'ya mace. Wanda ya yi zargin shi zai kawo hujja. Sai babban dalilin da aka fi gani: uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne, ta tare. Ko a nan akwai togaciya. Idan wanda reno zai koma hannunsa ya san da auren ya yi shiru shekara guda babu uzuri, ya rasa damarsa. Haka idan jaririn ya ƙi nonon kowa sai nata.

Akwai kuma batun ƙaura. Idan uba zai koma wani gari da zama na dindindin, nisan barid shida, wajen mil 72, kuma hanya da garin akwai aminci, yana iya tafiya da yaron sai in uwar za ta bi su. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta shiga ciki. Mai riƙo ba ta da ikon hana uba ganin ɗansa ko kula da karatunsa, kuma ya fi kyau a sa ranakun ziyara a rubuce.

Kuɗin ciyarwa

A kan uba yake, ko yaran suna hannun wa: abinci, sutura, magani, da rabonsu na wurin kwana, gwargwadon ƙarfinsa. Na namiji har ya balaga yana iya nema, na mace har ta tare a gidan miji. Uwar da sakinta ya yanke tana iya neman ladan shayarwa. Uba ba zai ce "in kina son in ciyar da su ki kawo su gidana" ba, don haƙƙin biyu ba a ɗaure suke da juna ba.

Hukuncin da ya ce kawai "uba ya riƙa kula da yara" ba shi da amfani ranar da ya daina. A roƙi alƙali ya faɗi adadin kuɗi, ranar biya a kowane wata, hanyar biya, da wanda zai ɗauki kuɗin makaranta da asibiti. Biya ta banki ko ta hannun kotu ya fi, saboda yana barin shaida ga kowane ɓangare. Idan rayuwa ta yi tsada ko samun uba ya canza, ana komawa a sake dubawa.

Shiga kotu

Ana farawa daga ofishin rajistara: a faɗi ƙara, a biya kuɗin shigarwa, a karɓi rasiɗi, kotu ta aika sammaci. A je da takardar saki, shaidar aure in akwai, takardun haihuwar yara, rahoton asibiti idan an ji rauni, da rasiɗan makaranta. A jera duk buƙatu tun farko, wato tabbatar da saki, ragowar sadaki, ciyarwar idda, reno, kuɗin yara da kayan da aka riƙe, domin kotu ba ta cika ba da abin da ba a roƙa ba.

A zaɓi shaidu da lura. Shaidar uba ko uwa don amfanin 'yarsu ba ta karɓuwa, haka ta wanda ke da sananniyar gaba da ɗaya ɓangaren. Maƙwabci ya fi amfani. A rigimar kayan gida da babu shaida, abin da aka san na mata ne nata ne da rantsuwa, na maza ko wanda kowa ke amfani da shi na miji ne da rantsuwa, don haka rasiɗin firiji ko keken ɗinki da ta saya da kuɗinta abin adanawa ne.

Ranar hukunci a nemi kwafi mai hatimi. Wanda bai gamsu ba yana ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin aure da saki da riƙon yara da gado. Lokacin ɗaukaka ƙara ƙayyadadde ne, a tambayi rajistara wa'adin a ranar.

Auren rajista

Wanda aka ɗaura a ƙarƙashin dokar aure ta tarayya ba ya mutuwa da furuci ko takarda. Babbar kotun jiha ko ta Abuja ce ke raba shi, bisa dokar 1970 ta shari'o'in aure, kuma dalili ɗaya ne: auren ya lalace ba gyara. Ana tabbatar da haka da abubuwa irin su zina da ta sa zama ya gagara, halin da ba a iya jurewa, gudun ɗayansu na shekara guda, zaman rabe na shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara uku ko ya ƙi. A shekara biyun farko na auren galibi sai an nemi izinin kotu kafin a shigar da ƙara. Riƙon yara babu jerin dangi, maslahar yaron ake sa wa gaba. Hukuncin farko na wucin gadi ne, yakan zama na ƙarshe bayan wata uku, kuma wanda ya ɗaura wani aure kafin nan, a idon doka da aurensa na farko ya yi.