Kurakuran da masu sassaƙa ke yi idan aiki zai fita bainar jama'a, da yadda ake gyara su

Duk mai yawo a garuruwanmu ya san irin aikin sassaƙar da ake ƙaddamarwa da kiɗa da jawabai a tsakiyar shataletale, amma kafin damina ta uku siminti ya tsage, rodi ya leƙo, fenti ya koɗe. Sau da yawa wanda ya yi aikin gwani ne, hannunsa na da kyau, idonsa na da kyau. Inda yake faɗuwa shi ne wajen abubuwan da ke jiran aikin bayan ya bar ɗakin aiki: ruwan sama, ƙasar da za a kafa shi, takardar kwangila, ƙofar kwantena, jami'in kwastan, da kuma mutanen da za su riƙa wucewa ta gabansa kullum alhali ba wanda ya tambaye su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zaɓen kayan aiki saboda kyaun da yake yi a cikin ɗaki. A Najeriya abin da aka fi amfani da shi shi ne siminti a kan rodi da waya, don ya fi araha. Matsalarsa a ɓoye take farawa. Ruwa yana shiga ta 'yan ƙananan tsagu, ya tarar da rodi, rodin ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa tana kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, sai ta tura simintin daga ciki har ya fashe. Wanda ya ga tsagar sai ya shafe ta da sabon siminti ya yi fenti, baɗi ta sake buɗewa a wuri ɗaya. Gyaran tun daga farko ake yin sa. Kaurin simintin da ya rufe rodi ya kai santimita 4 zuwa 5 a ko'ina, har a wuraren da ka so ka sirantar don su yi kyau. A riƙa jiƙa aikin aƙalla mako guda bayan an gama shi, musamman da hunturu ko bazara, lokacin da iska ke busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Kada ka bar wani kwari a jikin aikin inda ruwa zai kwanta, in kuma cikinsa rami ne, ka huda masa mafita a ƙasa.

Masu aikin ƙarfe su ma suna da nasu tarkon, wato haɗa ƙarfe iri biyu su taɓa juna a inda ruwa ke ratsawa. Idan jan ƙarfe ko tagulla ya manne da baƙin ƙarfe a cikin damshi, baƙin ne ke saurin ruɓewa. Wannan ne ya sami mutum-mutumin 'yanci na birnin New York, wanda aka ƙaddamar a 1886. Jikinsa jan ƙarfe ne, sandunan da ke riƙe da shi daga ciki baƙin ƙarfe, kuma a gyaran da aka yi tsakanin 1984 da 1986 sai da aka cire sandunan aka sa na ƙarfen da ba ya tsatsa. In har ya zama dole ka haɗa su, ka raba tsakaninsu da roba ko wani abin da ba ya wuce da lantarki, kuma kusoshin da za ka ɗaure da su su dace da jikin aikin.

Haka ƙarfen Corten, wanda matasan masu sassaƙa ke sha'awa saboda launinsa na jan ƙasa. Tsatsar da yake yi a sama ita ke kare shi, amma sai in yana jiƙewa yana bushewa. A bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri, ko a inda ruwa ke kwanciya a gindinsa, tsatsar ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da cinsa. Abin da zai daɗe a Kano ko Damagaram ba lalle ya daɗe a Legas ba. Kuma a shekarun farko yana zubar da jan ruwa ya ɓata dandamalin da ke ƙarƙashinsa, don haka a zuba tsakuwa a gindin maimakon farin tayil. Faiba kuwa, wato roba mai zaren gilashi, ranarmu ce ke cinye ta in ba a sabunta fentinta. Itace, gara na jiransa.

Daga nan sai tushe. Mai sassaƙa yakan ɗauka tunda aikinsa ya tsaya cak a ɗakin aiki, zai tsaya a fili. A ɗaki babu guguwar farkon damina. Dubi aikin da Antony Gormley ya kafa a Gateshead da ke arewacin Ingila a 1998, mai siffar mutum da fikafikai: tsayinsa mita 20, faɗin fikafikansa mita 54, nauyinsa kimanin tan 200. Abin da ba a gani ya fi wannan nauyi, domin kankaren da ke riƙe da shi ya kai tan 600, ya nutse kimanin mita 20 cikin ƙasa, don aikin ya jure iskar da ta haura kilomita 160 a awa guda. Injiniyoyi ne suka yi wannan lissafi, ba Gormley ba, kuma hakan bai rage masa komai ba. Naka aikin ko mita 4 ne, muddin yana da faffaɗan jiki da iska za ta tura, ka nemi injiniyan gini ya duba ƙasar, ya lissafa tushen, ya sa hannu a takarda. Ƙasa ma iri-iri ce. Baƙar laka irin ta yankin tafkin Chadi tana kumbura da damina ta tsage da rani, kuma tushen da bai yi zurfi ba sai ya karkace a cikinta. A gaskiya ban ga dalilin da zai sa a tauye kuɗin injiniya ba, tunda in aikin ya faɗo kan yaro, sunanka za a fara kira.

Akwai kuma ruɗin girma. Samfurin da ya cika tebur ya burge kwamiti yana iya zama ɗan ƙaramin abu a tsakiyar babban titi, ko kuma ya yi girman da zai tare wa direba gani. Kafin ka yanka ƙarfe ko guda, ka haɗa siffar aikin da gora da kwali daidai girmansa, ka kai wurin, ka duba shi daga cikin mota, da tsakar rana da kuma dab da magariba.

Kuɗi ne wurin da gwanaye da yawa ke karyewa. Mai sassaƙa yakan lissafa ƙarfe da siminti da masu walda, ya manta da hayar injin ɗaga kaya, tirela, man janareto, inshora, masaukin ma'aikata, da ranakun da ruwa zai hana aiki. Mafi muni, yakan bar ladansa ya zama abin da ya rage, kuma ba abin da ke ragewa. Wannan ba ciwon ƙananan ayyuka ba ne kawai. Aikin Anish Kapoor da ke Chicago, wanda aka haɗa da faranti 168 na ƙarfe mai sheƙi, an ƙiyasta zai ci dala miliyan 6, ya ƙare a dala miliyan 23, kuma sai a 2006 aka ƙaddamar da shi alhali filin da yake ciki ya buɗe tun 2004. Walda da gogewa har a daina ganin mahaɗin farantan sun ci lokacin da ba a yi zato ba. Su can sun sami masu hannu da shuni da suka cike giɓin. Kai wa zai cike maka?

A Najeriya ma akwai ƙarin haɗari. Wanda ya sa hannu a kwangila a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin gwamnati, ya zo sayen kayan waje a farkon 2024 ya tarar ta haura 1,400. Saboda haka ka rubuta a takardar farashi iya kwanakin da farashin zai yi aiki. Ka sa ladanka a layinsa daban, ka ware wani kaso na abin da ba a zata ba. Biya ya zama daki-daki: kafin alƙalami, sai bayan an amince da samfuri, sai lokacin da aka gama ƙira, sai ranar kafawa. Da zarar kafin alƙalami ya shigo, ka sayi ƙarfe a makon nan. Kuma kada kaso mafi tsoka ya zama na ƙarshe, domin jami'in da ya yi maka alkawari da baki yana iya barin kujerar kafin ka gama. A cikin takardar ne kuma za a fayyace wa ke da haƙƙin yin kwafin aikin ko buga hotonsa a kayan sayarwa, da abin da zai faru idan aka so a ɗauke shi daga wurin.

Tafiya da aiki zuwa wata ƙasa ilmi ne mai zaman kansa. Ƙofar kwantena ta yau da kullum faɗinta kimanin mita 2.3 ne, tsayinta ma kusan haka. Wanda ya ƙera abu mai faɗin mita biyu da rabi a dunƙule ya jawo wa kansa kuɗin jigila na musamman. Tun a zane ake yanke shawarar inda aiki zai rabu da inda za a ɗaure shi da kusoshi. Aikin Gormley ma kashi uku aka kawo shi, jiki da fikafikai biyu, aka haɗa a wurin. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka daga 1975 zuwa 2011, manyan ayyukansa na murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe suna rufe bango guda, amma ana naɗe su kamar zanen gado a sa a akwati. Akwatin katako kuwa, ƙasashe da yawa ba sa karɓarsa sai an gasa katakon an buga masa hatimin da ke nuna babu ƙwari a ciki. Ka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin a rufe akwati, domin in ya isa da lahani, da hoton za ka yi magana da kamfanin inshora.

Sai takardu. A 1926 jami'an kwastan na Amurka sun dubi wani siririn aikin tagulla na Constantin Brancusi mai nuni da tashin tsuntsu, suka ce bai yi kama da tsuntsu ba, suka ɗora masa harajin kayan ƙarfe. Sai a 1928 kotu ta yanke cewa aikin fasaha ne. Har yau jami'in da ke gabanka abin da ke rubuce yake karantawa, don haka takarda ta bayyana sunan mai aikin, shekarar da aka yi shi, kayan da aka yi shi da su, ƙimarsa, da ko sayarwa za a yi ko nuni kawai zai je ya dawo. Mai fita da sassaƙa daga Najeriya ya fara biyawa ta hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ya karɓi shaidar cewa sabon aiki ne, don kada a riƙe shi a filin jirgi da zargin kayan tarihi ne. Ka tabbata kuma bizar da kake da ita ta ba ka damar yin aikin da za a biya ka. Kada ka wahalar da kanka da ɗaukar injin niƙa ƙarfe zuwa Amurka, wutarsu volt 120 ce, tamu 230.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne mantawa da masu wurin. A 1981 Richard Serra ya kafa wata katangar ƙarfe mai lanƙwasa, tsawonta kusan mita 37, a filin da ke gaban wani ginin gwamnatin tarayya a New York. Ma'aikatan ginin suka yi ta ƙorafin ta tare musu hanya, aka yi zaman sauraron jama'a a 1985, aka je kotu, a 1989 aka yanka ta aka kwashe. A Dakar, babban mutum-mutumin farfaɗowar Afirka da aka buɗe a 2010 ya sha suka daga limamai, ga kuma masu kukan kuɗin da ya ci. A Kano, ginin da aka kafa a shataletalen gidan gwamnati don cikar jihar shekara 50 a 2017, an rushe shi a watan Yunin 2023 bayan sauyin gwamnati, kuma cikin dalilan da aka ambata har da siffar da ake cewa yana nunawa idan aka hango shi daga sama. Ko mutum ya yarda da waɗannan dalilai ko bai yarda ba, yanzu dole mai zane ya duba aikinsa ta sama, tunda kowa na iya ɗaukar hotonsa da jirgi marar matuƙi.

A ƙasar Hausa siffar mutum ko dabba a dunƙule tana da nauyi a addini, kuma wanda ya yi kamar bai san haka ba yana sayen rigima ne da kuɗinsa. Wannan bai rufe ƙofa ba. Dagi, kakaki, tambari, allo, tulu, da zanen da magina ke yi a fuskar gidajen Zariya da Kano, duk suna da siffofin da mai basira zai yi shekaru yana sarrafawa, in dai ba kwafarsu zai yi kai tsaye ya ƙara musu girma ba, wanda shi ma lalaci ne. Kafin ka kammala zane, ka zauna da mai unguwa, limamin masallacin da ke kusa, 'yan kasuwar gefen titi da direbobin tasha. Amincewar kwamishina ba ta wadatar.

Jikinka ma jari ne. Ƙurar dutse da siminti tana taruwa a huhu ba ta fita, kuma ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. A yanka dutse da ruwa, a sa takunkumi mai matata, a yi aikin faiba a inda iska ke ratsawa. In za ka yi tafiyar watanni, ka bar wa yaran ɗakin aiki zane mai awo da kuɗin mako, kada su dogara da kiran waya.

Ranar ƙaddamarwa ka miƙa wa masu aikin takarda mai shafi guda: da me za a wanke shi, bayan shekara nawa za a sake fenti da wane iri, da cewa tagulla tana son a shafa mata kaki sau ɗaya ko biyu a shekara. Ka nemi a rubuta ofishin da wannan nauyi ke kansa. Ka kuma yi tunanin ɓarayin ƙarfe, don ba a nan kaɗai suke ba. A 2005 an sace wani aikin tagulla na Henry Moore mai nauyin kimanin tan 2 a Ingila, ƙimarsa fam miliyan 3, kuma 'yan sanda sun yi imanin narkar da shi aka yi aka sayar a kan kusan fam 1,500. Don haka kusoshin da ke riƙe aiki da tushensa a ɓoye su ko a walde kawunansu, kuma allon da ke ɗauke da sunanka a yi shi da dutse maimakon tagulla.