Yadda ake haɗa waƙar fiyano a ƙaramin sutudiyo, tun daga muryar mawaƙi

Mafi yawan yaran da na gani suna koyon kiɗan fiyano a Kano, tun daga shagunan da ke kewayen titin gidan Zoo har zuwa ɗakunan soro da aka mayar sutudiyo a cikin unguwanni, wuri ɗaya suke faɗuwa. Yaro zai kwana uku yana haɗa kiɗa, ya zuba ganga, ya ɗora sarewa, ya ƙawata ko'ina, sannan ya kira mawaƙi ya ce masa ya hau. Mawaƙi ya hau, murya ta ƙi zama, sai a ɗora wa Auto-Tune, manhajar gyara murya, laifi ko a ce makirfo ne ba shi da kyau. Ba zan tsaya bayanin yadda ake kunna kwamfuta ko jona waya ba, domin wanda bai iya wannan ba, zama kusa da maigida ya kamace shi na wata biyu kafin ya karanta wannan rubutu. Na ɗauka kana da kwamfuta, da fiyano irin Yamaha PSR da ta cika sutudiyoyinmu, da ƙaramin akwatin sauti mai haɗa makirfo da kwamfuta irin Focusrite Scarlett, da makirfo, da hedifon mai rufe kunne ruf.

Magana ɗaya zan yi a kan manhaja. FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam da Cubase ta kamfanin Steinberg na Jamus su ne aka fi sani a wajenmu, kuma kowace tana yin aikin. Ni FL Studio nake amfani da ita, ita kuma zan ba ka shawara, amma idan za ka saya kada ka sayi mafi arha da ake kira Fruity, saboda ba ta ɗaukar murya. Producer ce matakin farko da ke ɗauka. Na san mafi yawanmu da kwafin da aka fasa muka fara, wanda ake turawa a filas, sai dai irin wannan kwafin yakan zo da ƙwayar cuta, kuma ranar da zai rufe kansa ita ce ranar da mai waƙar biki ke zaune a bayanka yana duba agogo.

Matakin farko shi ne ka zaunar da mawaƙi ya rera waƙarsa ziryan, babu kiɗa ko kaɗan, kai kuma ka ɗauka. Ko da wayarka ce, ka ɗauka. Ka sa shi ya yi amshi sau biyu da baiti ɗaya cikakke, kuma ka tabbatar baitin da ya fi ɗaga murya a cikinsa ne ya yi, domin mawaƙa suna da halin fara waƙa a ƙasa cikin nutsuwa, sai an kai tsakiya jini ya ɗau zafi su haye sama. Kada ka yi wannan gwaji da sassafe lokacin da murya ba ta buɗe ba, kada kuma ka yarda da saƙon murya da ya turo maka da dare yana raɗa don kada ya tashi mutanen gida. Muryar raɗa da muryar da zai saki a gaban makirfo ba a wuri ɗaya suke zama ba.

Daga wannan ɗauka za ka fitar da abu biyu, kuma a kansu duk sauran aikin zai tsaya. Na farko shi ne mazaunin muryar, wato abin da 'yan sutudiyo ke kira ki. Ka saurari inda amshi ke sauka ya huta a ƙarshen ɗango, ka riƙe wannan sautin da bakinka, sannan ka bi maɓallan fiyano ɗaya bayan ɗaya har ka sami wanda ya narke a cikinsa ba tare da wata rawa a kunne ba. Wannan shi ne gida. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, ba bakwai ba, shi ya sa akwai wata dabara da nake koya wa kowa: baƙaƙen maɓallan fiyano guda biyar ne a kowane rukuni, kuma su kansu tsani ne mai hawa biyar. Ka gwada bin karin mawaƙin a kan baƙaƙen kaɗai, kana danna maɓallin da aka rubuta wa TRANSPOSE sama ko ƙasa taki ɗaya-ɗaya, har kiɗa da murya su haɗu. Wasu manyan makaɗa suna raina wannan hanya, suna cewa ta ragwaye ce, amma ragon da ya sami ki daidai ya fi gwanin da ya ɓata wa mawaƙi murya.

Idan ka sami kin, kada ka tsaya nan. Ka sa mawaƙin ya sake rerawa kana bin sa da fiyano, sannan ka ɗaga taki ɗaya ya sake, ka sauke taki ɗaya ƙasa da na farko ya sake. Ka dube shi da ido, ba kunne kaɗai ba. Idan jijiyar wuyansa ta miƙe ko ya fara ɗaga haɓa sama a wurin da baiti ya hau, to kin ya yi masa tsawo, ko da ya rantse maka zai iya. Zai iya sau ɗaya, amma ɗaukar waƙa maimaici ne, kuma kafin a kai baiti na huɗu murya ta dushe. Idan kuwa waƙar ta namiji da mace ce, kamar yadda yawancin waƙoƙin nanaye suke, dole su biyun su kasance a ɗakin a wannan rana, saboda kin da ya yi wa namiji daɗi sau da yawa yakan jefa mace ko dai can ƙasa inda muryarta ba ta fita, ko can sama inda take tsiwa. A irin wannan hali ni muryar mace nake fifitawa, namiji ya lallaɓa ya bi.

Na daɗe a kan wannan mataki ne domin a nan na taɓa yin asarar da har yau nake tunawa. Wani mawaƙi ya turo mini karin waƙar biki a waya, na auna kin daga wannan saƙon, na haɗa kiɗa, har na kira makaɗin kalangu na biya shi ya buga a kai. Ranar ɗaukar murya sai ga shi mawaƙin ya kasa kaiwa, sai da muka sauke taki uku. Abin da fiyano ta buga ba matsala ba ne, domin umarni ne kawai kwamfuta ta adana, da dannawa ɗaya ake sauke shi. Kalangun kuwa sauti ne da aka riga aka ɗauka, kuma kalangu ganga ce mai magana, makaɗi yana matse tsarkiyarta a hammata yana bin hawa da saukar muryar mawaƙi. Da na ja shi ƙasa da manhaja sai ya koma kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali. Dole na sake kiran makaɗin, na sake biyansa daga aljihuna, kuma ba a kai waƙar ba sai daren kamu.

Abu na biyu da za ka fitar shi ne gudun kiɗa, wato yawan bugu a cikin minti ɗaya. Kada ka zaɓi lamba don ka ji wani ya ce waƙar rawa kaza take gudu. Ka kunna muryar da ka ɗauka, ka sa mawaƙin ya yi tafi, kai kuma ka riƙa danna wurin auna gudu a manhaja daidai da tafinsa har lambar ta tsaya. Sannan ka lura da abin da ke ruɗa masu koyo: kiɗanmu da yawa, musamman mai ɗauke da salon kalangu, kowane bugu a cikinsa kashi uku yake rabuwa, ba biyu ko huɗu ba. Manhaja kuwa idan ka buɗe ta, layukanta a kan rabon huɗu suke. Idan ba ka canza su zuwa rabon uku ba, duk gangar da ka jera za ta fito a sandare kamar faretin 'yan makaranta, mawaƙi kuma zai riƙa jin kamar ana taka masa ƙafa ba tare da ya san dalili ba.

Sai bayan wannan ne za ka fara kiɗa, kuma kwarangwal kawai za ka yi: ganga, da bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da fiyano mai riƙe da ki. Ka ɗauki muryar gwaji a kai daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, domin ka san inda baiti ya ƙare da inda za a bar wa kiɗa fili. Sarewa da goge da sauran kayan ado su jira, saboda aikinsu shi ne amsa wa mawaƙi a inda ya ja numfashi, kuma ba za ka san wurin ba sai murya tana nan. Ka saba wa yatsunka da adana aiki bayan kowane ɗan canji. A FL Studio, Ctrl da S suna adanawa, Ctrl da N kuma suna ajiye sabon kwafi mai lamba ba tare da goge na baya ba. Wanda ke aiki da kwamfutar tebur babu inbata ko batir a tsakani, ranar da aka ɗauke wuta yana tsakiyar adanawa zai iya rasa fayil ɗin gaba ɗaya.

Ɗaukar murya ta gaskiya tana da nata sharuɗɗa, kuma mafi wuyarsu a garinmu zafi ne. Dole a kashe fanka, ko da a watan Afrilu ne, domin makirfo mai ƙarfin ji, irin wanda sai an kunna masa maɓallin 48V yake aiki, yana kwasar iskar fanka da ƙugin janareta da ƙarar babur ɗin da ya wuce a layi. Ka ɗauki baiti ɗaya, a kunna fanka a sha ruwa, a kashe a ci gaba. Janareta ya yi nisa da bangon ɗakin, kuma idan ka ji wani ƙugi siriri a hedifon alhali kowa ya yi shiru, idan kwamfutar ta hannu ce ka cire cajarta ka ɗauka da batirinta; sau da yawa daga wutar yake shigowa. Game da bango, kwalin ƙwai da ake mannawa ado ne kawai. Katifa tsohuwa a jingine bayan mawaƙi da bargo mai kauri a rataye a gefe sun fi shi aiki nesa ba kusa ba, kuma ba sai ka sayi komai ba. Mawaƙi ya tsaya kimanin taƙi ɗaya daga makirfo, da rariyar tare iska a tsakani. Ka saita ƙarfin shiga yadda inda ya fi ɗaga murya ba zai wuce -6 a ma'aunin ƙarfin sauti ba, ka saita ingancin ɗauka a 24-bit. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, wadda ta fashe kuwa sai dai a sake.

Yanzu ne amfanin wahalar farko zai fito. Auto-Tune, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997, ba ya sanin waƙarka. Abin da yake yi kawai shi ne ya ja murya zuwa sauti mafi kusa a cikin jerin da ka ba shi. Idan ka ba shi kin da ba daidai ba, zai ja ta zuwa inda mawaƙi bai nufa ba. Idan ka bar masa sauti bakwai alhali waƙar a kan biyar take tafiya, zai riƙa fizgar murya zuwa biyun da ba a buƙata, shi ne wannan karkarwar da ake ji a ƙarshen ɗango a waƙoƙin masu koyo. Ka cire su daga jerin. Kuma ka tuna Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, saboda haka duk inda na'ura ta murɗe gaɓa har kalma ta canza kama, mai sauraro zai ji wani abu ya goce ko bai san sunansa ba. Saurin gyara na Auto-Tune idan ka kai shi sifili za ka sami muryar nan mai kama da ta inji da kasuwa ke so a waƙar rawa. A waƙar bege ko ta yabo ni ba na yarda da shi, ina sassautawa har numfashin mutum ya riƙa fitowa.

'Yan amshi ka ɗauke su sau biyu ko uku, ka watsa ɗaya dama ɗaya hagu, ka bar jagora a tsakiya. Wajen tace sauti, ka yanke duk ƙugin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz, ma'aunin kaurin sauti, a kan murya, ka rage amsa-kuwwa fiye da yadda ranka ke so, ka tabbatar ana jin kowace kalma, musamman sunayen amarya da ango da iyayen biki, domin su aka biya kuɗi a ji. Ka saurara a lasifikar waya da ta mota, ka kuma gwada a irin ƙaramar lasifikar da masu shayi ke kunnawa, tun da can waƙar za ta rayu.

Ka fitar da kwafi biyu, WAV na ajiya da na masu haɗa bidiyo, da MP3 mai ingancin 320 kbps na turawa da ɗorawa a shafin waƙoƙi na Audiomack. Ka fitar da kiɗan shi kaɗai babu murya, domin mawaƙin zai nema ranar da zai yi wasa a dandali. Idan waƙar ta fim ce ko za a sake ta a kasuwa a Kano, ka tuna wa mai ita da Hukumar Tace Finafinai tun kafin a yi nisa. Kafin a cika maka kuɗinka, rabin waƙar kawai za ka tura, da muryarka a tsakiya kana faɗin sunan sutudiyo.