Yadda na gyara tsatsar gindin ƙofar Hiace ɗina

Bayan damina gindin ƙofar gefe ya rube, yatsa yana shiga. Laifina ne, bara filla, wato ƙullin da ake cike ramin bodin mota da shi, kawai na shafa masa, tsatsar kuwa ta ci gaba da ci daga ciki.

Wannan karon a garejinmu na Ƙofar Ƙaura na yanke wurin har sai da na tarar da farin ƙarfe mai lafiya. Na zana ramin a kwali, na yanko sabon ƙarfe mai kauri ɗaya da bodin. Waldar ce ta fi cin lokaci: ɗigo nan, ɗigo can nesa, in jira ya huce, don zafi na lanƙwasa siririn ƙarfe. Kafin in fara waldar, na cire kan batir tukuna. Na goge, na shafa jan fenti ciki da waje, sannan na buɗe ramukan fitar ruwa da laka ta toshe.