Yadda za ki zaɓi makarantar koyon aikin nas in sakamakonki bai yi kyau sosai ba

Duk shekara da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito sai ka ji maganar a gidajen Kano, wance tana son zama nas amma fiziks ya ba ta D7, ko makin JAMB ɗinta bai taka kara ya karya ba, to ina za a kai ta. Ƙanwata ke nake wa wannan bayanin, samarin da ke son aikin jinya su ma su saurara don hanyar ɗaya ce. Abin da za ki sa a gaba shi ne lasisin yin aikin nas, duk makarantar da ba za ta kai ki ga lasisi ba ki rabu da ita komai kyan gininta.

Da farko ɗauko sakamakon nan ki duba darasi 5 kawai: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Hukumar kula da aikin jinya da unguwarzoma ta ƙasa, wato NMCN, kiredit take so a dukkansu, kuma a zaman jarrabawa da bai wuce 2 ba. Yara da yawa suna ta kuka wai sakamakonsu ya lalace alhali C5 da C6 ne suka jeru, to C6 ɗin nan kiredit ne cikakke, kin cika sharaɗi, ki share hawayenki. D7 da E8 su ne ba sa shiga, kuma A1 ɗin da kika ci a Hausa ko addini ba zai cike gurbin kemistiri ba. Ana haɗa WAEC da NECO su zama zama biyun. Sannan ki duba sunanki da ranar haihuwa su zo ɗaya a takardun da kuma NIN, don irin wannan ɗan kuskuren yana riƙe mutum a wajen tantancewa.

In akwai wanda ya faɗi a cikin biyar ɗin, to maganar zaɓen makaranta ta dakata tukunna, gyara za a yi. Akwai NECO ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, akwai ta WAEC wadda muke ce wa GCE. Amma ki lura da lissafin zama biyun nan, in darasi biyu kika faɗi dole ki ci su tare a zama ɗaya, ba wai ki ci ɗaya bana ɗaya baɗi ba, sun zama uku kenan. Shi ya sa nake cewa ki yi rajistar duka biyar ɗin ki nemi malamin lesin na gaske ki zauna ki yi karatu. Don Allah kar ki je santocin nan da ake ba da amsa, wallahi ba taimakonki suka yi ba, za ki shiga aji a fara bayanin yadda zuciya da ƙoda suke aiki da lissafin adadin magani ki rasa inda aka dosa. Kuma gyaran nan yana yiwuwa, shirin Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi a jihohin Arewa har da Kano haka ya yi, ya ɗauko 'yan mata daga karkara waɗanda kiredit ɗinsu bai cika ba aka yi musu karatun share fage suka sake jarrabawa suka shiga makarantun jinya da unguwarzoma.

Sai JAMB. Yanzu ba kamar da ba ne da ake sayen fom ɗin makarantar nas kawai, makarantun sun koma kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma (ND) shekara 2 da babbar difloma (HND) shekara 2, kuma ta JAMB ake shiga, Turanci, fiziks, kemistiri, bayoloji za ki rubuta. Digirin jinya a jami'a shekara 5 ne, BUK tana yi, amma masu nema sun yi yawa ƙwarai kuma masu manyan maki ake fara ɗiba. In makinki tsaka-tsaki ne ni dai shawarata kar ki ƙona shekara kina jiran jami'a, ki je santar CBT, inda ake rajistar JAMB, ki canja zaɓinki na farko zuwa kwaleji tun kafin su rufe fom, ki ɗora sakamakon sakandarenki a CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da adimishan ta cikinsa. Duk adimishan ɗin da bai fito a CAPS ba kar ki yarda da shi.

Daga nan ki rubuta makarantu kamar uku ko huɗu, kar ki kafe a kan guda. Akwai kwalejin jinya ta jihar Kano mai makaranta a cikin gari da kuma Madobi, da ta unguwarzoma a Dambatta, akwai ta Asibitin Malam Aminu Kano, in kuma gida za su bar ki ki ɗan yi nisa akwai ta Birnin Kudu a Jigawa. Makarantun jiha sun fi ba 'yan jiharsu gurbi don haka ki tanadi takardar shaidar ƙaramar hukumarki da wuri, kuma yawanci suna da tasu jarrabawar da intabiyu, nan ne mai matsakaicin maki yake iya wuce wanda ya fi shi in ya shirya.

Yanzu ga inda aka fi cutar mutane, musamman wanda yake ganin sakamakonsa bai kai ba sai ya ji an ce masa zo kawai za mu ɗauke ka. Makarantun kuɗi sun yi yawa a gari, akwai nagari akwai na bogi. Kafin Baba ya fitar da ko sisi ki shiga shafin NMCN a intanet ki nemo jerin makarantun da ta amince da su, ki tabbatar sunan yana nan kuma kwas ɗin da kike so ne aka amince da shi, don ana iya amincewa da unguwarzoma a makaranta ba a amince da jinya ba. Kwaleji kuma sai da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, jami'a ta NUC, hukumar kula da jami'o'i. Sannan ki taka ƙafa ki je, ki samu 'yan ajin ƙarshe a waje ba a gaban malamai ba, ki tambaye su: ɗalibai nawa hukuma ta yarje wa makarantar ta ɗauka, kuma nawa ta ɗiba? Wannan tambayar ita ce babba, domin kowace makaranta tana da adadin da aka ƙayyade mata, wasu sai su ɗibi fiye da haka su karɓi kuɗi, in aka yi jarrabawar PTS, wato ta tace sababbin ɗalibai, bayan watannin farko a zubar da ragowar, wanda kuma ba a yi masa indeksin ba, wato rajistar sunansa a matsayin ɗalibi a hukumar NMCN, ba zai taɓa zama jarrabawar lasisi ba. Ki tambaya a wane asibiti ake firaktikal, ana barin ɗalibi ya taɓa aiki ko tsayuwa kawai ake yi, kuma nawa ne suka ci jarrabawar hukuma a zaman da ya wuce. Kuɗi ma a faɗa miki jimilla har ƙarshe, da na ɗakin kwana da yunifom da indeksin, ba na shekarar farko kaɗai ba. Duk makarantar da ta ce ki shigo ba fiziks daga baya a san yadda za a yi, ki juya.

Haka masu cewa ki zo asibitinsu a koya miki aikin nas a ba ki satifiket, wanda ake kira ogzilari, hukuma ba ta san da shi ba. Tsallakawa Kwatano yin karatu ma a bi a hankali, a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo.

In duk an gwada bai yiwu ba bana, ki tambayi kwas ɗin jinya ko unguwarzoma na al'umma, shekara 2 ne kuma yana ƙarƙashin NMCN, sai dai lasisinsa na aiki ne a ƙananan asibitocin karkara. CHEW, wato kwas ɗin ma'aikatan lafiya na al'umma, da ake yi a makarantun koyon kiwon lafiya irin ta Kano da Bebeji aiki ne mai daraja, amma hukumarsu daban ce, ba za ki fito a matsayin nas ba, gara ki san haka kafin ki shiga.

Wadda kuma zuciyarta ke kan digiri, in kika samu lasisin RN, wato na cikakkiyar nas, daga kwaleji za ki iya neman jami'a ta Direct Entry, wato shiga ba daga ajin farko ba, ko ki yi a NOUN, jami'ar karatu daga gida, kina aikinki. Ranar da adimishan ya fito ki aro littafin anatomi, wato ilimin sassan jikin ɗan'adam, wajen wata da ta riga ki shiga ki fara karantawa tun kina gida, don PTS ba ta da nisa da ranar shiga.