Yadda ake lissafi da allon Fafaroma Silvesta na II

Kafin ya zama Fafaroma a shekarar 999, sunansa Gerbert, kuma malamin makaranta ne. An haife shi wajajen 946 a yankin Aurillac na Faransa, ya tashi a gidan ibadar sufayen garin. A 967 Borrell na II, mai mulkin Basalona, ya tafi da shi Kataloniya, inda ya yi kusan shekara uku yana karatun lissafi a hannun Atto, bishop ɗin Vic. Yankin yana bakin iyaka da Andalus, a zamanin da halifa al-Hakam na II yake tara littattafai a Kurɗuba, don haka ilimin taurari da alƙaluman Indiya da Larabawa suke amfani da su sun riga sun fara tsallakowa. Da ya koma koyarwa a birnin Reims na Faransa daga 972, sai ya haɗa tsohon allon ƙidaya na Rumawa da waɗannan alƙaluma tara. Ɗalibinsa Richer ya rubuta cewa wani maƙerin garkuwa ne ya yi masa allon, mai gida 27, da 'ya'ya dubu da aka sassaƙa daga ƙaho.

Ba ka buƙatar gida 27, tara sun ishe ka. Samu kwali mai faɗin santimita 36 da tsawon kamar 50, ka ja layuka daga sama zuwa ƙasa, kowane gida santimita 4. Daga dama za ka fara: gidan ɗaya, gidan goma, gidan ɗari, sannan dubu, dubu goma, dubu ɗari, har zuwa miliyan ɗari. Ka zana baka a saman kowane gida uku, kamar yadda yake a tsofaffin zanen allon, don ido ya gane inda dubu ta fara da inda miliyan ta fara. Sai ka ja layuka uku a kwance su raba allon kashi huɗu: na sama na lambar farko, na biyu na lamba ta biyu, na uku mai faɗi na aiki, na ƙasa na amsa. 'Ya'yan kuwa murfin kwalba ya wadatar. Ka tara 90, ka rubuta 1 a kan goma, 2 a kan goma, haka har 9. Ka ja ɗan layi a ƙarƙashin 6 da 9, domin ɗa yana juyawa a hannu. Wasu masana ma suna ganin wannan juyawar ce ta sa siffar alƙaluman take bambanta daga wani tsohon littafi zuwa wani.

Babu ɗan sifiri. In za ka sa 307, ɗan 3 yana gidan ɗari, ɗan 7 yana gidan ɗaya, gidan goma a bar shi fanko. A allon Rumawa sai ka jera tsakuwa fiye da ɗaya kafin ka ce bakwai. A nan ɗa guda ya ɗauki bakwai ɗin, gidan da ya zauna kuma shi ke faɗin darajarsa.

Ninkawa tana cikin abubuwan da Gerbert ya ɓata tawada a kansu. A ɗan littafin da ya rubuta wa abokinsa Constantine na Fleury ya jera ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya: in ka ninka na gidan ɗaya da na gidan goma, ƙaramin alƙalamin amsar, wato na dama (kamar 6 a 56), ya tafi gidan goma, babban, wato na hagu, ya tafi gidan ɗari, haka har sama. Ɗalibansa haddacewa suke yi. Kai ga gajeriyar hanya: ƙirga gidajen daga dama, ka haɗa lambar gidan wannan da ta wancan, ka cire ɗaya. Nan ƙaramin alƙalami zai zauna, babban kuma a gidan da ke hagunsa.

Gwada 307 sau 48. Takwas sau bakwai 56: gida na 1 da na 1, a cire ɗaya, saura 1, don haka 6 a gidan ɗaya, 5 a gidan goma. Takwas sau uku 24: gida na 1 da na 3, amsa gida na 3, wato 4 a ɗari, 2 a dubu. Huɗu sau bakwai 28, amma wannan huɗun a gidan goma yake, saboda haka 8 a goma, 2 a ɗari. Huɗu sau uku 12: gida na 2 da na 3, a cire ɗaya, gida na 4, wato 2 a dubu, 1 a dubu goma. Kada ka haɗa komai sai ka gama zubawa. Yanzu share daga dama. Gidan ɗaya yana da 6. Gidan goma yana da 5 da 8, sha uku ke nan: kwashe su, sa 3, ka tura 1 gidan ɗari. Gidan ɗari 4 da 2 da 1, bakwai. Dubu 2 da 2, huɗu. Dubu goma 1. Amsa 14,736. Mai koyo yakan manta da gidan fanko, ya ɗauki 3 ɗin kamar a gida na 2 yake, sai ya fito da amsar 37 sau 48.

Rabawa iri biyu ce a wurin masu allon. Ɗaya ana ce mata ta zinariya, ita ce ta yi kama da wadda ake koyarwa a firamare. Ɗayar ta ƙarfe, ita ce abin kallo, domin ba ka taɓa yin cankar sau nawa wannan zai shiga wancan. Ka raba da goma, wadda kowa ya iya, sannan ka mayar da rarar da ka ɗiba.

Ga 729 a raba da 8. Tsakanin 8 da 10 akwai 2. Sa ɗan 2 a saman ɗan 8 don kada ka manta. Ɗauke 7 daga gidan ɗari, ka sauke shi layin amsa amma a gidan goma, 70 ke nan. Ka ba kowa goma alhali takwas ne rabonsa, don haka mayar da 70 sau 2, wato 140, cikin layin aiki. Da 29 da ke nan, 169. Ɗauke 1 na ɗari, amsa ta ƙaru da 10, mayar da 20, saura 89. Ɗauke 8 na goma, amsa ta ƙaru da 8, mayar da 16, saura 25. Ɗauke 2, amsa ta ƙaru da 2, mayar da 4, saura 9. Layin amsa yana da 70, 10, 8 da 2, jimilla 90.

Nan ake faɗuwa. Gidan goma ya zama fanko, sai mutum ya ɗauka ya gama. Amma 9 ta fi 8, akwai sauran rabo ɗaya a ciki. Amsa 91, saura 1. Kullum ka gwada abin da ya rage da ainihin lambar da kake rabawa da ita. Hanyar tana sauri in cikon ƙarami ne, kamar 8 ko 9, ko 97 da cikonta 3 ne zuwa ɗari. In da 3 kake rabawa, cikon 7 ne, za ka yi ta kai da komowa har ka gaji. Koma ta zinariya.

Babban raunin allon shi ne ba ya ajiye tarihin aiki. Duk ɗan da ka ɗauke ya tafi, in ka yi kuskure a mataki na biyu babu inda za ka duba, sai dai ka sake daga farko, ko ka ninka 91 da 8 ka ƙara 1 ka ga ko 729 za ta dawo. Iska ko gwiwar hannu ta tura ɗa gida ɗaya, lambar ta ninka goma ba tare da wata alama ba, don haka a kan tebur mai shimfiɗe ake aiki. Mutanen zamaninsa kuma in sun gama, da alƙaluman Rumawa suke rubuta amsar a takarda, shi ya sa alƙaluma taran suka daɗe a kan ƙaho ba su shiga rubutun yau da kullum ba.

Shi Gerbert siyasa ta ja shi gaba. Ya shugabanci gidan sufaye na Bobbio a Italiya, ya taimaka wa Hugh Capet hawa sarautar Faransa a 987, ya zama babban bishop na Reims a 991 cikin rigima, sannan na Ravenna a 998. Sarki Otto na III, wanda ya yi karatu a wurinsa, shi ya kai shi kujerar Fafaroma, Bafaranshe na farko da ya hau ta. A zamaninsa aka kafa kujerar babban bishop ta Gniezno a Polan, aka kuma naɗa Stephen sarkin Hangari. Ya rasu ranar 12 ga Mayu 1003, aka binne shi a cocin Lateran a Roma. Bayan ƙarni guda labarai suka bazu cewa sihiri ya koyo a ƙasar Musulmi, har William na Malmesbury, marubucin tarihi ɗan Ingila, ya rubuta cewa yana da wani kai na ƙarfe mai amsa tambaya. Allon ya ci gaba a makarantun coci har ƙarni na 12, lokacin da aka fassara lissafin al-Khwarizmi zuwa Latin, sannan Fibonacci, masanin lissafi ɗan Italiya, ya fitar da littafinsa a 1202, lissafi ya koma kan takarda da sifiri a gidan da dā ake bari fanko.