Yadda zaka gane bayanau (adverb) na Turanci ba tare da hadda ba

Ƴan uwa masu shirin JAMB da ƴan jami'ar Ɗanfodiyo, abin ga bai da wuya. In ka ga kalma a jimla tambaye ta yaya, yaushe, ko ina, in ta amsa ɗaya to galibi bayanau ce.

Sai ka duba wutsiyarta, mafi yawa da ly suke ƙarewa kaman slowly, kuma wannan ly ɗin daga tsohon Turanci ta hito, daga kalmar lic mai nufin jiki ko siffa, dangin like ce, wato slowly kaman ka ce da siffar a hankali. Amma kar ka ruɗe, friendly sifa ce, fast kuma bayanau ce ba wutsiya.

Wadda tafi bani mamaki very ce wallahi, asalinta Faransanci verai wato gaskiya, ta shiga Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sunka ci Ingila a 1066. Soon kuma da can ma'anarta nan take ce, yanzu ta koma an jima, kaman alkawalin tela ana gobe sallah.

Hardly kuwa da ƙyar kenan, in ka rubuta he hardly works ka ce mutum malalaci ne.