Kafin ka ɗaura wa tsohuwar mota turbo

Masu son ɗaura turbo a ƙaramar motar da ta sha tafiya, ku fara duba lafiyar injin tukuna. Aikin turbo shi ne ya yi amfani da hayaƙin salansa ya cusa ƙarin iska cikin silinda, don haka zafi da matsi duk ƙaruwa suke yi. Injin da ringinsa ya cinye ko gaskit ya gaji ba zai jure ba.

A sa bakanike ya auna matsin kowace silinda. In ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, ko motar tana shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi, to a bar maganar.

Kuma turbo ba ya zuwa shi kaɗai. Sai an ƙara girman injekta da famfon mai, an ja wa turbon bututun baƙin mai, an sa na'urar sanyaya iskar da turbon ke cusawa, sannan a sake saita kwamfutar motar. Wannan saitin ne mutane ke yi wa rowa, alhali in fetur ya gaza iska, fistin narkewa yake yi. Kulocin ma sau da yawa sai ya fara sulɓi.

In an ɗaura, kada matsin iskar da turbon ke cusawa ya wuce bar 0.5 a ma'aunin matsi. Ni dai a ganina, gara ka sayar da motar ka nemi wadda ta fito da turbo daga kamfani.